Hukuncin Yaga Takardar Kuɗi Ko Ɓata Ta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ci kasuwar Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, ko wata kasuwa ta Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, ya san halin da takardar Naira take ciki. Wani ya yi lissafin buhuna a kanta da biro, wani ya cukuikuye ta da hannun manja, a wajen biki kuma a liƙa ta, a tattake. In an yi magana sai mutum ya ce ai kuɗinsa ne. To, shin shari'a ta yarda?

Amsa ita ce ba ta yarda ba. Da farko, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana. Wanda ya yaga kuɗi ko ya ƙona su da gangan ya auka cikin wannan.

Na biyu, mas'alar tsohuwa ce. Malaman tafsiri, kamarsu Ƙurɗubi, sun kawo a Suratu Hudu, aya ta 87, cewa daga cikin laifin mutanen Annabi Shu'aibu akwai gutsure dinari da dirhami, su ma suna fakewa da cewa dukiyarsu ce. Imamu Maliku kuwa ya ƙyamaci karya kuɗin da jama'a suke ciniki da su, domin cutarwar ba ta tsayawa a kan mai yi. Haka takarda take: gobe tana hannun wata tsohuwa mai sayar da daddawa, in an ƙi karɓa ita ce da hasara.

Na uku, hukuma ta hana, bin ta kuwa wajibi ne cikin abin da ba saɓo ba. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta yaga Naira, da rubutu a kanta, da liƙi, da taka ta. Horonsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. A 2024 kotu a Legas ta ɗaure wani wata 6 saboda liƙi.

Wanda kuɗi suka yage masa ba da nufi ba, babu laifi a kansa. Sai ya kai banki, ko ya nuna aibin ga wanda zai ba. Cusa yagaggiya a tsakiyar ƙunshi algus ne. Mai son yin kyauta a biki kuwa ya miƙa hannu da hannu.

Allah ne mafi sani. Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka, amin.