Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsoka da Ido Ɗaya Tak

In aka yanki ƙwaƙwalwar ɓera siriri aka ɗora a gilashi, kusan kamar ruwa take: haske ya ratsa ya wuce, kyamara ba ta ganin abin kirki sai an sa rini. Sai dai hasken ba ya fita yadda ya shiga, domin inda naman ya fi kauri igiyar hasken takan ɗan makara. Wannan makarar ce hologiram ke kamawa, dabarar da Dennis Gabor ya bayyana a 1948, ta kai shi ga lambar Nobel a 1971. Abin da ya cancanci a tsaya a kai shi ne, ana iya kama ta da ma'aunin haske guda, wanda bai san hagu ko dama ba, iyakarsa ya ce haske ya ƙaru ko ya ragu.

Da farko a raba hasken lesa gida biyu: ɗaya ya bi ta cikin naman, ɗayan ya zagaye ba tare da ya taɓa komai ba. A hanyar na farkon ana girka ɗan allo mai ƙananan madubai wajen miliyan guda, irin wanda kamfanin Texas Instruments ke ƙerawa don majigi. Kowane madubi na karkata nan ko can, sai allon ya shimfiɗa wa naman zanen fari da baƙi kamar saƙar tabarma, yana sauya zane wajen sau 20,000 a daƙiƙa. Hasken da ya ratsa sai a tattara shi, a gama da wanda ya zagaye, su faɗa kan ma'aunin hasken nan, wato ido ɗayan. Inda takunsu ya zo ɗaya haske ya ƙaru, inda suka saɓa ya dusashe. Kowane zane yakan bar wa kwamfuta nasa awon. Kamar ɗan kasuwa ne da ke ɗora buhuna tari-tari a sikeli yana sauya haɗin, har lissafi ya fitar masa da nauyin kowane buhu. Zanukan ba na ganin dama ba ne, an tsara su bisa lissafin Hadamard yadda wani awo ba zai maimaita wani ba.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda kyamarar waya ma tana da idanu miliyoyi. Yana da gaskiyarsa. Hoto mai ɗigo 256 sau 256 yana neman awo 65,536, kuma gano makarar igiya kan tilasta maimaita kowane zane sau uku ko huɗu. Amma an rage wannan nauyi. Tun 2006 masana a Jami'ar Rice ta Amurka suka nuna cewa wani kaso na awon ya isa a rayar da hoto. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Sun Yat-sen ta Sin suka ɗan saɓa saurin kaɗawar hasken biyu, yadda idon ke jin bugu mai hawa da sauka ya karanto makarar kai tsaye, suka ɗauki ƙwaƙwalwar ɓera ba rini.

Duk da haka, a hasken da ido ke gani kyamara ta gari ce kan gaba, ba na jayayya. Amfanin dabarar yana can inda silikon ɗin kyamara ke makancewa, wato bayan tsawon igiya na nanomita 1,100, a hasken infrared da ya fi kutsawa cikin nama. Kyamarar wannan haske tsada gare ta ƙwarai, alhali ido ɗaya mai ganinsa yana da sauƙin kuɗi, ga saurin amsawa.