Darasi: Buɗe Tafkin Ninkaya na Gida da Gwajin Ruwansa

A yawancin jihohin Amurka, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, wato Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, ita ce mafarin lokacin iyo. Daga nan ne masu tafkin ninkaya a bayan gida suke yaye tamfol ɗin da suka rufe shi da shi tun shigowar hunturu. Da yake 'yan'uwa da dama sun sayi gidaje ko sun kama haya inda akwai tafki, darasinmu na wannan karo zai tsaya a kan abin da ya wajaba a yi kafin ƙafar yaro ta taɓa ruwan.

Wanda ya karanta babin ruwa a Ishmawi ya san cewa ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan a muhallinsa. Lafiyar ruwan ninkaya kuwa ido da hanci ba sa iya yanke mata hukunci. Ruwa yakan yi garau, ana hango ƙasansa, alhali babu ko ɗigon maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa. Warin nan mai hawa kai da mutane ke ɗauka alamar tsafta shi ma ruɗi ne: yana tashi ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, wato maganin ya riga ya ƙare a kan dauɗa. Shi ne kuma ke jan ido.

Aikin farko na hannu ne. A kwashe ganye da ruwan da suka taru a kan tamfol kafin a janye shi, don kada su zube ciki. A cire matosan da aka sa wa bututu saboda ƙanƙara, a ƙara ruwa har ya kai tsakiyar bakin da ke zuƙe tarkacen sama, a wanke matata, sannan a kunna injin ya juya ruwa kwana guda cur. Gara a yi haka tun ruwan yana da sauran sanyi, domin da ya yi ɗumi gansakuka take kama shi.

Bayan nan sai gwaji, kuma nan ne zuciyar darasin. Ana sayar da 'yan takardun gwaji masu canza launi, akwai kuma na ɗigawa a kwalba, wanda ya fi su daidaito. A ɗebo ruwan gwajin daga zurfin gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke shigowa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada kulorin mai aiki ya gaza kashi 1 cikin miliyan, abin da ake rubutawa ppm a jikin gwangwani. Idan ana amfani da asid ɗin sayanurik, sinadarin da ke kare kulorin daga zafin rana, to kada ya gaza 2, domin sinadarin yana rage masa kaifi. Masu sana'ar sukan bar shi sayanurik ɗin tsakanin 30 da 50.

Ma'auni na biyu shi ne pH, mai nuna tsamin ruwa ko kanwarsa. Ana so ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Dalilin ya cancanci a fahimce shi: a kan 7.5, kusan rabin kulorin ne yake cikin siffarsa mai ƙarfin kisa. Da ya kai 8, abin da ya rage bai wuce kusan kwata ba. Saboda haka mai zuba magani ba tare da duba pH ba yana iya zubar da kuɗinsa ruwan kuma bai gyaru ba. Idan ya yi ƙasa sosai, ruwan yakan ci ƙarfe ya ƙona ido. Abin da ke riƙe shi kada ya yi ta hawa da sauka shi ne jimillar kanwar ruwan, wadda ake so tsakanin 80 da 120. Ita ake fara gyarawa, sai pH, sannan a zuba kulorin mai yawa na buɗe shekara bayan faɗuwar rana. Ba a shiga sai gwaji ya nuna ya sauko, kuma ana ganin magudanar ƙasan tafki sarai.

Waɗannan magunguna ba abin wasa ba ne. Kulorin da asid idan suka gamu suna fitar da iska mai guba. Kulorin iri biyu daban ma suna iya kamawa da wuta. Magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A ajiye su a busasshen wuri mai kwaɗo.

Akwai kuma ƙwayar da kulorin ba ya saurin ci, ana ce mata Kirifto, mai haddasa gudawa, wadda ke iya wuce mako guda da rai a ruwan da aka gyara daidai. Maganinta ɗaya: mai gudawa ba ya shiga. Wanda likita ya tabbatar yana da ita ya jira mako 2 bayan ta tsaya. Faɗa wa baƙo haka yana da nauyi, amma haƙƙin sauran yara ne.

Duk da haka, ruwan da ya fi kowane tsafta yana kisa. A Amurka nutsewa ce kan gaba wajen ajalin yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma yawanci a tafkin gida ne. Yaro mai nutsewa ba ya ihu. Shinge ya kewaye tafkin ta fuska huɗu, ya raba shi da gida, tsayinsa aƙalla ƙafa 4, da ƙofa mai rufe kanta ta kulle. A duba murfin magudanar ƙasa. Idan ya tsage ko ya ɓalle, kada kowa ya shiga. A 2007 aka kafa dokar tarayya kan irin waɗannan murafe, mai ɗauke da sunan Virginia Graeme Baker, yarinya 'yar shekara 7 da ƙarfin zuƙar magudana ya riƙe a ƙarƙashin ruwa a 2002. Wannan ya shafi iyalanmu musamman, domin doguwar riga da mayafi mai faɗi suna nauyi idan sun jiƙe, magudana kuma tana iya kama su. A nemi kayan iyo masu sutura waɗanda aka ɗinka don ruwa.

Ranar taro, ta suna ko ta walima ko ta Sallah, ita ce mafi haɗari, domin kowane babba yana zaton wani ne ke kallo. A ware mutum guda da sunansa, ya ajiye waya, ya zauna bakin ruwa, ƙananan yara kuma kada su wuce inda hannunsa zai kai. Robar da ake hurawa a damtse ba ta maye gurbin rigar ceto. In lokacin salla ya yi, a fito da yara duka, a kwashe kayan wasa daga ruwan, a kulle ƙofar shinge kafin a tayar da iƙama.