Shugaban matasan ikilisiya ma yana buƙatar hutu

A yankin Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga ya sa noma ba ya yankewa: shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani. Shugaban zumuntar matasa a majami'ar ƙauye, wanda galibi aikin sa kai yake yi, yakan baro gona a gajiye ya zarce koyar da waƙa ko nazarin Littafi Mai Tsarki.

Ya kamata dattawan ikilisiya su naɗa masa mataimaka, a riƙa karɓa-karɓa. Lokacin dashen shinkafa da girbi a rage taruka, matasa su yi masa gayya a gonarsa. Kuɗin man babur na zirga-zirgar hidima kuwa ya fito daga baiko.

Fasto ya riƙa ziyartarsa gida duk wata, ya saurari damuwarsa.