Yadda ake haɗa sangariya irin ta Sifaniya ba tare da barasa ba

A watannin Yuli da Agusta, zafin garuruwan kudancin Sifaniya irin su Kurɗuba da Sabiya yakan haura digiri 40. A watan Agustan 2021 ma an auna 47.6 a wani ƙaramin gari mai suna La Rambla da ke lardin Kurɗuba. Wannan zafin shi ya raini sangariya: babban jug cike da jan abin sha mai sanyi, yankakkun 'ya'yan itatuwa na yawo a ciki, a girke shi tsakiyar teburi kowa ya zuba. Duniya ta ƙara saninta ne bayan baje kolin duniya na birnin New York a 1964, inda rumfar Sifaniya ta riƙa shayar da baƙi ita. Tun daga 2014 kuma dokar Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wadda aka yi a Sifaniya ko Fotugal kaɗai.

Ta asali da jar giyar inabi ake yin ta, wannan babu ɓoyo a ciki. Sai dai su kansu mutanen ƙasar suna haɗa wata wadda ba ta da barasa, domin yara da masu juna biyu da direbobi da duk wanda ba ya sha. Da mosto suke yin ta, wato ruwan inabin da aka matse aka adana shi bai tsimu ba. Ita ce zan nuna wa uwargida a nan. Kuma ki riƙe abu guda tun daga farko: tsiyaya ruwan inabi a kan yankakken lemo bai isa ya zama sangariya ba. Ruwan inabi zaƙi ne tsantsa, lita ɗaya tana ɗauke da sukari kusan giram 150, ya ma fi lemon kwalba. Abin da ke sa ta asali ta kashe ƙishi shi ne tsami da ɗan bauri. Duk aikinki a wannan haɗi shi ne ki dawo da waɗannan biyun cikin jug.

Kayan da za ki tanada, na mutum takwas

Jan ruwan inabi lita 1, wanda aka rubuta kashi 100 a jikin kwalinsa. Ganyen baƙin shayi na jaka guda 4. Lemun zaƙi 2. Babban lemun tsami mai ruwan ɗorawa 1, ko ƙananan namu 3. Koriyar tuffa 1. Mangwaro 1 wanda ya nuna amma bai yi luguf ba. Sandar kirfa 1, kanumfari ƙwaya 3. Ruwan soda mai gas rabin lita. Ƙanƙara. Sukari ko zuma ki ajiye a gefe, mai yiwuwa ba za ki taɓa su ba.

Ki karanta jikin kwali da kyau kafin ki biya. Akwai kwalaben da ake rubuta wa cewa an cire musu barasa. Waɗannan giya ce aka yi ta sannan aka tsame barasar, kuma dokar Turai ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. Ki bar su a kan kanta. Ki nemi wanda tun fil azal ruwan 'ya'yan itace ne.

Mangwaron kuwa madadi ne. A Sifaniya melokoton suke sawa, wani ɗan itace na lokacin zafi mai laushin gashi a fata da ƙwallo ɗaya a tsakiya, wanda garin Kalanda na yankin Aragon ya yi suna a kansa. In kin same shi ki sa biyu. In babu, mangwaro mai ɗan ƙarfi ya fi komai kusa da shi wajen ƙamshi da riƙe jikinsa a cikin ruwa.

Mataki na farko: shayin

Ki tafasa ruwa rabin lita, ki jefa kirfa da kanumfari su yi minti biyar a wuta. Ki sauke, ki sa jakunkunan shayin, ki rufe. Minti biyar suka isa, sai ki tsame su ba tare da kin matse ba. Wannan shayin shi ne zai ba ki baurin da fatar inabi ke ba giya, irin ɗan kamun harshen da goro ke yi. In ya wuce lokacinsa a cikin ruwan, baurin ya koma ɗaci, kuma babu yawan sukarin da zai gyara shi. Ki tsame kanumfarin ma, don yana da son mamaye komai. Kirfar kaɗai za ki bari. Ki ajiye ya huce sarai. In kika zuba shi da ɗumi a kan 'ya'yan itatuwa, dafa su zai yi su saki jiki.

Wadda ta fi son tsami sosai tana iya sa zoɓo tafin hannu ɗaya a maimakon shayin, ta jiƙa shi minti goma a ruwan zafi ta tace. Launin zai fi kyau, ja mai zurfi. Amma a ganina shayi ya fi kusa da ɗanɗanon asali, domin zoɓo yana da murya tasa, kuma duk wanda ya kurɓa zai gane shi. In za ki yi amfani da shi, ki rage lemun tsami zuwa rabi.

Mataki na biyu: yankan 'ya'yan itatuwa

A nan ake yin sangariya ko a ɓata ta, don haka kada ki yi gaggawa. Ki wanke komai da ruwan gishiri ki ɗauraye, tunda da ɓawonsu za su shiga. Lemun zaƙi ɗaya ki matse ruwansa ki ajiye. Ɗayan ki yanka shi faifai-faifai sirara, ki raba kowane faifai biyu, ki cire 'ya'yan. Ƙamshin lemo a cikin man da ke jikin ɓawonsa yake, shi ya sa ba a ɓare shi. Sai dai farin naman da ke ƙarƙashin ɓawon yana sakin ɗaci in ya daɗe a jiƙe. In lemon naki mai kaurin ɓawo ne, ki fere saman mai launi kawai da wuƙa mai kaifi, ki zubar da farin, ki yanka tsokar daban.

Lemun tsami yana buƙatar ƙarin kula. Na Sifaniya, wanda gonakin Mursiya suka fi kowa nomawa a ƙasar, babba ne kuma ɓawonsa yana jure jiƙo. Ƙananan koraye da muka saba da su sun fi ƙamshi amma suna saurin ɗaci. In su kika samu, ki matse biyu, ki yanka ɗaya sirara, kuma ki tsame yankan bayan awa biyu. Waɗannan itatuwan lemun tsami, da lemo mai ɗaci da ya cika titunan Sabiya, da rake, a zamanin mulkin Musulmi a Andalus nomansu ya kafu a ƙasar. Ke nan wani ɓangare na abin da ke cikin jug ɗin gadon wancan zamani ne.

Tuffa ki yanka ta ƙanana kamar ƙwayar sukari, da fatarta. Koriya na ce, domin tana da tsami kuma ba ta narkewa. Mangwaro ki fere, ki yanka daidai da girman tuffar. Girman yana da muhimmanci: in sun yi manya ruwa ba zai ratsa su ba, in sun yi mitsi-mitsi su dagule abin sha ya koma kunu. Ayaba da gwanda ba su da gurbi a nan, narkewa suke yi. Kankana tana shiga, amma a ƙarshe, daf da sha. Abarba ma haka, kaɗan.

Mataki na uku: jiƙo

Ki samu jug na gilashi ko na tangaran mai cin lita biyu da rabi. Kada ki yi a tukunyar alminiyom, tsami yana cin ta, abin sha ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Ki zuba 'ya'yan itatuwan a ƙasa, ki zuba ruwan lemon da kika matse, ki ɗan danna su da muciya ko cokalin katako sau uku ko huɗu don man ɓawon ya fito. Sannan ki zuba shayin da kirfarsa, ki bi da ruwan inabin, ki juya, ki rufe, sai firji.

Awa biyu shi ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi. A wannan lokacin musaya ake yi: inabi yana shiga cikin tuffa har ta yi ja, ƙamshin lemo da mangwaro yana fita ya game ruwan. Wanda ya tsallake wannan jira ya sha ruwan inabi ne da ado a kai. Masu dafa abinci a Sifaniya sukan haɗa tasu tun da hantsi don abincin rana, wanda a can ba a zama cinsa sai wajen ƙarfe biyu ko uku.

Ga gargaɗin da ba na so ki ɗauka da wasa. Ruwa mai sukari da ɗanyun 'ya'yan itatuwa, in aka bar su cikin zafi, tsimuwa suke farawa da kansu, domin a jikin ɓawon akwai yis ɗin da ke mai da sukari barasa. Jug ɗin nan a cikin sanyi zai zauna daga farko har ƙarshe. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki binne shi cikin ƙanƙara a kula, ki taƙaita jiƙon zuwa awa biyu.

Mataki na huɗu: ɗanɗanawa da gyara

Ki fito da shi, ki tsame yankan lemun tsami in ba ki riga kin tsame ba, ki ɗanɗana da sanyinsa. In zaƙi ya rinjaya, ƙara ruwan lemun tsami cokali ɗaya ɗaya. In tsami ya yi yawa, narka sukari a ɗan ruwan zafi ki zuba, don sukari ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi, kwanciya yake a ƙasa. Ki bar shi ya ɗan fi yadda kike so ƙarfi, soda da ƙanƙara za su sassauta shi.

Mataki na ƙarshe: kaiwa teburi

Soda ba ta shiga sai baƙi sun zauna. Ki sanyaya ta tukuna, ki tsiyaya a hankali ta gefen jug, ki juya sau ɗaya. A Sifaniya da yawa gaseosa suke sawa, wato soda mai ɗan zaƙi irin ta kamfanin La Casera, amma tunda namu ruwan inabin da zaƙinsa ya zo, sodar da ba ta da sukari ita ta dace. Ƙanƙara a cikin kofuna za ki sa, manyan guda, kada ki zuba a jug ta narke ta salamce miki aiki. Dabarar da ta fi ita ce ki daskarar da ƙwayoyin inabi ko wani ɓangare na shayin tun jiya, su zama su ne ƙanƙarar. Ki bar dogon cokalin katako a cikin jug, da shi ake tare 'ya'yan itatuwan lokacin zubawa, da shi kuma ake ɗebo wa kowa rabonsa a kofi. Ganyen na'a-na'a ɗaya a sama ya wadatar.

Tana tafiya da abinci mai maiƙo da gishiri. A can da fa'eya ake shan ta, wato dafa-dukar shinkafa ta yankin Balansiya, ko da zaitun da soyayyen kifi. Gasasshen nama ma yana karɓarta ƙwarai.

Abin da ya rage, ki tace 'ya'yan itatuwan a cinye su a ranar, ruwan kuma ya koma firji a rufe, a shanye shi kafin awa 24. In kika buɗe kika ga yana kumfa alhali ba ki sa masa soda ba, ko kika ji warinsa ya sauya, ki zubar da shi.