Yadda ake canza bel ɗin taimin na Mazda MX-5 a garejin gida

A watan Fabrairun 1989, a wajen baje kolin motoci na birnin Shikago, kamfanin Mazda ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda fitilunta ke ɗagowa daga cikin bonet. A Amurka sunanta Miata, a Japan Eunos Roadster, a Turai MX-5. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 ne mai ƙarfin doki 116. Ba wani gudun a-zo-a-gani take yi ba, amma a 2016 masana'antar Hiroshima ta ƙera ta miliyan ɗaya.

Abin da ya sa masu sha'awar taɓa ƙarfe suka maƙale mata shi ne ba ta ɓoye cikinta. Injin a miƙe yake daga gaba zuwa baya, da ka ɗaga bonet goshinsa na kallon ka. Shi ya sa a Amurka da Ingila za ka ga ɗan fansho ko ma'aikacin ofis ya sa tsohon wando ranar Asabar, ya yi wa motarsa aikin da wani zai kai wa bakanike. Babban aikin da ake gwada hannu da shi kuwa shi ne canza bel ɗin taimin, wannan robar mai haƙora da ke haɗa kuranshaf da sandunan kam biyu masu buɗe bawul. Ana canza shi duk mil 60,000, wajen kilomita 96,000. Sa'ar ɗan koyo ita ce a wannan injin fistin ba ya riskar bawul ko da bel ya tsinke. In ka yi kuskure mota ta ƙi tashi ko ta riƙa tari, amma injin bai mutu ba.

Kafin a kwance komai, a haɗa kaya: sabon bel, ƙananan fuli biyu da yake gogawa a kai, sifirin ɗin da ke jan ɗaya daga cikinsu, robobin tare mai, gasket na murfin kan inji, da sabon famfon ruwa. Wasu na ƙyashin kuɗin famfon. A ganina wannan rowa ce marar riba, domin famfon a bayan bel yake zaune, ranar da ya fara yoyo sai an maimaita aikin tun daga tushe.

A bar injin ya huce sarai. A cire wayar batir, wanda a but yake, ba a gaba ba. A tsiyaye ruwan lagireto cikin roba a rufe, don yana da zaƙi, kuma guba ne ga kare da kyanwa. Daga nan sai kwance-kwance: bututun iska da ya gitta gaban injin, tiyon lagireto na sama, fanbel, wayoyin fulogi, fulogan kansu, murfin kan inji, sai murafan roba da suka rufe bel ɗin. Kowace kusa a sa ta a leda a rubuta inda ta fito. Tunda lagireto na gabanka, dubi robar samansa. In baƙinta ya koma ruwan ƙasa, ta gama rayuwa, fashewa kawai take jira.

Babbar kusar tsakiyar kuranshaf, mai kai milimita 21, ita ce mai taurin kai. Ana sa mota a giya ta biyar, wani ya danne birki, sannan a ja da doguwar sifana. A nan ne ya kamata mutum ya san motarsa. Na farko-farko, ƙirar 1990 da farkon 1991, hancin kuranshaf ɗinsu gajere ne, ana gane su da tsagi huɗu a jikin fuli, na baya kuwa takwas ne. A gajeren hancin, in kusar ba ta ɗauru daidai ba, ɗan ƙarfen makulli da ke riƙe fulin sai ya riƙa wasa har ya cinye raminsa, taimin ya zame, mota ta rasa ƙarfi ba gaira ba dalili. Don haka a zaro makullin a duba shi da raminsa a ƙarƙashin fitila.

Yanzu aka zo ga zuciyar aikin. Kafin a taɓa tsohon bel, a juya inji da hannu har tsagin da ke kan ƙaramin fulin kuranshaf ya daidaita da alamar da ke samansa. Fulin kam biyun kuma kowanne na ɗauke da haruffan I da E. Na ɓangaren shigar iska, I ɗinsa na kallon sama, na ɓangaren fitar hayaƙi, E ɗinsa ne a sama, sauran haruffan biyu kuma suna fuskantar alamun da ke jikin farantin da ke bayan fulin. A ɗauki hoto da waya. Sai a sassauta fulin da ke ɗaure bel, a tura shi gefe, a zare tsohon.

Da bel ya fita, sifirin ɗin bawul kan fizgi sandunan kam su goce daga wurinsu. Dabarar ita ce a kama kowace sanda da sifana a wurin nan mai kusurwa shida, a haɗe sifanun biyu a maƙale su. A canza famfon ruwa da robobin mai, a goge wurin tas, don mai maƙiyin roba ne. Sabon bel ana fara sa shi daga ƙasa, a bi da shi ta ɓangaren hayaƙi a miƙe, a bar sakin ya taru wajen fulin ɗauri. Sannan a ƙirga haƙoran bel tsakanin alamun sama biyu. Dole su zama 19. Ba 18 ba, ba 20 ba. Sauri ya haifi nawa. Haƙori ɗaya tak ya isa ya sa a sake warware aikin yini.

A saki fulin ɗauri sifirin ya ja shi, a juya inji da hannu ta yadda agogo ke tafiya har alama ta kai wurin da littafin motar ya ce a ɗaure, a ɗaure, a sake juyawa a duba ko alamun uku sun koma mazauninsu. Babbar kusar kuwa ba a ɗaure ta da kintace. Sifana mai awo ake sa mata, kuma awon gajeren hanci dabam yake da na dogo. Sauran kaya a mayar yadda aka ciro su, a zuba ruwa, a tayar da inji ba tare da murfin lagireto ba har kumfar iska ta gama fita.

Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ba ya tsayawa nan, sai ya taɓa saitin wutar fulogi. In inji ya ɗumama, akwai wani ɗan akwati a cikin bonet, sai ya haɗa ramukan TEN da GND da guntuwar waya, ya ɗora fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya, ya sassauta na'urar da ke bayan kan inji ya ɗan murɗa ta. Masana'anta ta saita wutar fulogi a digiri 10, masu wasa da motar sukan kai ta 14 don ta ƙara kuzari. Daga nan sai a cire wayar, a fita titi, a sa babbar giya a kan hawa, a kasa kunne. In aka ji ƙaras-ƙaras daga inji, ko dai a sha fetur mai ingancin da ya fi wannan, ko a koma gida a rage digiri biyu.