Funfuna a Kujerun Jirgin Ruwa: Jan Hankali ga Masu Fito

Jama'a masu sana'ar fito a Yawuri da Warra da sauran garuruwan bakin Kogin Kwara, wannan takarda taku ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafkin da ta tara ya zama babbar hanyar kasuwa. A da fasinja kan zauna bisa katako tsirara, wanda rana ɗaya ta isa ta busar. Yau akwai jirage masu inji da kujerun soso lulluɓe da leda, wasu har da kafet a ƙasa. Daɗin zama ya ƙaru, amma ya zo da aikin da mutane da yawa ba su kula da shi ba. Da marka ta kankama a watan Agusta sai ka ga baƙaƙen ɗigo sun fito a bakin ɗinkin kujera, wani wari kuma yana tashi tun kafin a tayar da inji. Funfuna ke nan.

Ku sani funfuna abu ne mai rai, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta cikin kwano. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska ko'ina, don haka babu mai iya hana su shiga jirgi. Abin da suke nema danshi ne da ɗumi da ɗan abinci. Abincin kuwa mu ne ke ba su: zufar fasinja, kunun da yaro ya zubar, ruwan kifi, manjan da ya ɗiga daga jarka. In waɗannan suka haɗu, kwana 1 zuwa 2 ya ishe ta kama wuri. Ba ƙazanta kaɗai ba ce. Tana sa atishawa da tari da ƙaiƙayin ido, mai ciwon asma kuwa tana iya tayar masa da ciwonsa a tsakiyar ruwa, nesa da asibiti.

Wanda zai wanke, ya fitar da duk abin da ke ciruwa zuwa tudu, inda iska ke kaɗawa. Ya sa takunkumi da safar hannu. A fara da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, a bi ɗinki da lunguna a hankali, kada a kankare da soson ƙarfe domin yana yage fuskar leda, datti ya sami sabon maɓoya. Bayan an goge, a shafa farin ruwan khal, a bar shi kamar awa 1, sannan a share da tsumma da ruwa mai tsabta.

Na san da yawa hannunsu ya fi saurin kaiwa ga bilic, don nan take baƙin ke ɓacewa, mai jirgi ya ji daɗi. Amma bilic yana cin zaren ɗinki, yana sa leda ta bushe ta tsattsage, ruwa kuma ta nan zai riƙa shiga soso. In tabon ya gagara dole sai da shi, kada a wuce kofi 1 cikin ruwa lita 4, a gwada a wani ɓoyayyen gefe tukuna, a ɗauraye sosai. Kuma kul, kada a taɓa haɗa bilic da khal ko da ruwan wanke bayan gida. Haɗin yana fitar da iskar guba mai ƙona ido da huhu. Ruwan wankin ma a zubar da shi nesa da gaɓa, domin bilic yana kashe kifi, masunta kuwa maƙwabtanku ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a goge sama a bar ciki. Ka danna kujera da tafin hannu. In ka ga ruwa ya tsattsafo ta bakin ɗinki, ko ka ji tana huci da wari, to soson ya sha ruwa, kuma komai gugar da ka yi wa leda funfuna za ta dawo cikin mako. Sai an kwance, an zaro soson, an matse, an shanya har cikinsa ya bushe. Wanda ya yi baƙi har ciki, yana marmashewa a hannu, a yar da shi a sayi sabo. A duba katakon da ke ƙarƙashi kuma, don sau da yawa ya fara ruɓewa ba a sani ba.

Kafet kuwa a ɗage shi gaba ɗaya, a kakkaɓe yashi, a wanke da omo, a rataye yadda rana za ta sami fuska da baya. Kada a mayar sai ƙasan jirgin ya bushe. A ganina jirgin da ke ɗaukar buhuna da kwandunan kifi ranar kasuwa ba shi da buƙatar kafet ko kaɗan. Shimfiɗar roba da ake ɗauka a wanke ta fi masa.

Kada a manta da rigunan ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tana nanata cewa kowane fasinja ya sa tasa. To, wa zai yarda ya rataya riga mai warin funfuna a wuyansa? Sai ya karɓa ya zauna a kanta. A wanke su da sabulu kawai, ban da bilic, a shanya a inuwa mai iska, a daina cusa su jiƙe a ƙarƙashin kujera.

Saura maganar tamfol. Yaron jirgi ya gaji da yamma, ya ja tamfol ya rufe kujeru da jiƙarsu, yana ganin ya kare su daga ruwan sama, alhali ya kulle danshi da zafi a ciki har safe. A kwalfe ruwan ƙasan jirgi tukuna, a goge kujeru da busasshen tsumma, a jingine su tsaye, sannan a ɗaura tamfol sama kaɗan a bar ƙofar iska gaba da baya. Babban gyara kuma, irin na sauya soso da sake ɗinki, a bari sai hunturu, lokacin da iska ke busar da komai cikin yini guda.