Akwatin cokula na Faransawa

A wasu gidajen Faransa akwai wani akwatin katako wanda ba kullum ake buɗe shi ba. An shimfiɗa ƙyalle mai taushi a cikinsa. Cokula da cokula masu yatsu ne ke kwance ciki, wani lokaci har da wuƙaƙe, kowane da gurbinsa. Faransawa suna kiran shi ménagère. Sau da yawa kyautar aure ce, kuma uwa takan bar wa ɗiyarta, kamar yadda ake gadon tasoshi a ƙasar Hausa. Akwati guda yakan ɗauki manyan cokula 12, ƙanana 12, masu yatsu 12 da ludayi ɗaya.

Mi ya sa ake ɓoye kayan cin abinci haka?

Dalili na farko shi ne tsoro. A zamanin da, sarakunan Faransa suna tsoron a sa musu guba. Saboda haka cokalin sarki da wuƙarsa suna cikin wani ɗan akwati mai makulli. Sunansa cadenas, watau kwaɗo.

Dalili na biyu shi ne dukiya. Da azurfa ake ƙera cokulan masu hali, azurfa kuwa kuɗi ce. A shekara ta 1689, sarki Luwi na 14 ya sa aka narke kayan azurfar fadarsa don ya biya kuɗin yaƙi. A Ingila, cikin ƙarni na 18, attajirai suna da akwatunan wuƙaƙe masu makulli. Bayan baƙi sun tashi, sai a wanke kaya, a ƙidaya su, a kulle.

Cin abincin ma yana da dokoki. A da can, kowane baƙo da wuƙarsa mai tsini yake zuwa, ga ta rataye a ƙugu. Idan gardama ta tashi, sai wuƙar nama ta zama makami. A shekara ta 1669, Luwi na 14 ya hana wuƙaƙe masu tsini. Shi ya sa wuƙar tebur take da dagumin baki.

Har yau, idan ana babbar liyafa, cokali mai yatsu yana hagu ga faranti, wuƙa da cokali suna dama. Kaifin wuƙa yana duban faranti, ba ya duban maƙwabci. Idan kayan suna da yawa, da na gefe ake farawa, a bi su ɗaya ɗaya zuwa ciki. Ba a nuna mutum da wuƙa, ba a kai ta baki, ba a fara ci sai uwargida ta fara.

Daga baya kayan sun yi araha. Daga shekara ta 1842, wani maƙeri na birnin Pari, Charles Christofle, ya shiga shafa azurfa bisa ƙarfe da ƙarfin lantarki. A 1913 kuma, a garin Shafil na Ingila, aka samo ƙarfen da ba ya tsatsa. Yanzu talaka ma yana da cokali, ba ya bukatar kwaɗo.

Mu ma muna da dokokinmu. Muna wanke hannu, mu ci da dama, kowa ya ci gabansa. Yaro ba ya riga babba ɗaukar nama. Da mai cokali da mai hannu, abu guda ake koya musu: girmama wanda ake ci tare da shi.

Tambayoyi

1. Mi ake ajiyewa cikin ménagère?
2. Don mi ake kulle cokalin sarki?
3. Wace doka aka yi a shekara ta 1669?
4. Cokula nawa ne cikin akwatin, ban da ludayi?
5. Faɗi dokoki uku na cin abinci a gidanku.